Gidan Da Ba Ya Riƙe Namiji

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku gyara zama, ga ta ta zo. Kuma ba ta dabbobin dawa ba ce, ta mutane ce masu jini da hanta irinmu.

A Kurfi akwai wani gida da ake ce wa gidan Inna Ramlatu, don mai gidan ya daɗe da rasuwa, sunan matar ya danne nasa. Inna Ramlatu 'yar Wurma ce, doguwa, ba ta da yawan magana, fura take damawa tana sayarwa a ƙofar gida. Allah ya ba ta 'ya'ya shida, maza uku mata uku. Matan, tubarkalla, kowace kamar turmi, ba a taɓa kwantar da ɗayarsu a asibiti ba sai don haihuwa. Mazan ne abin ya faɗa wa.

Siddiq ne babba. Yana cikin ƙarfinsa, ko furfura bai fara ba, sai aka ga idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙe. Mutum ya yi ta zubewa ta sama yana kumbura ta ƙasa, har cikin ya koma kamar tulu. Kafin a yanke gero an kai shi makwancinsa. Ba a gama share hawaye ba Yazid, mai bi masa, ya fara dafe gefen cikinsa na dama in ya ɗago daga ruku'u. Shi an kai shi asibiti, amma a makare. Likitoci suka ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya ci wuri, a koma da shi gida a yi ta addu'a. Wannan bayani ba wanda ya riƙe shi. Abin da mutane suka riƙe shi ne, a can Wurma ma 'yan'uwan Inna maza biyu haka suka tafi, ido ɗorawa, ciki tulu, ita kuwa da ƙannenta mata suna nan garau.

To kun san bakin mutane, ba ya azumi. Aka fara da cewa gidan nan ba ya riƙe namiji. Daga nan aka ƙara gishiri: mata na ƙiba, maza na ƙarewa, to wa ke cin wa? Ba wanda ya taɓa faɗa wa Inna a ido. Sai dai maza suka daina tsayawa shan furarta, kuma in yaro namiji ya leƙa gidan sai ka ji uwarsa ta ƙwala masa kira kamar ya nufi bakin rijiya. Inna kuwa ta ci gaba da damunta. Ta rage yawan geron da take jiƙawa, shi ke nan.

Saura namiji ɗaya, Badaru, auta. Da damina yana noma, ranar kasuwa kuma yana loda buhuna a mota. Yana da mata, Murja, da 'yarsu ƙarama. Shi wannan Badaru, da aka haife shi Inna ta yi doguwar jinya, don haka yayarsa Juwairiyya ce ta goya shi. Lokacin ita kanta ba ta wuce shekara goma ba, in ta goya shi ƙafafunsa har bayan gwiwarta suke kaiwa. Da shi take zuwa ɗebo ruwa, da shi take zuwa makarantar allo. Ko da ya girma ya yi gemu, in ta kira sunansa sai ya waiga kamar an kama shi da hannu a tukunya.

Akwai kuma Baffa Ikrima, ƙanen ubansu, wanda gidan ke hannunsa. Kada ku ɗauka mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Shi ya shiga rami ya karɓi gawar Siddiq, shi ya karɓi ta Yazid, ya fito da ƙasa a gemu. Ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya ce abin da ke ɗaukar mazan gidan nan rauni yake samu a jikinsu, to maganinsa a gina Badaru ya zama bango. Aka fara da ƙwai da nama da tsimi. Sai wani ya ba shi labarin Rabi'u mai kemis na bakin kasuwa, wanda ke da wata allura da samari masu ɗaga ƙarfe ke yi, ana ce mata allurar ƙarfi, wai mazantaka ce zalla a kwalba. Baffa ya kama hannun Badaru da kansa ya kai shi.

Allura kuwa ta yi aikinta a ido. Badaru ya buɗe, wuya ya yi kauri, riga ta matse shi, buhun masara yake sungumawa kamar matashin kai. Ƙuraje suka fito masa a baya, fushi ya zama a kusa, har Murja ta koyi ajiye masa abinci ta ja da baya. Baffa kuwa in ya gan shi ya taho sai ya shafa gemu ya ce, "Yawwa. Yanzu in shawara ta isa ta zo."

Ita Juwairiyya a Dutsin-Ma take aure, wajen Malam Kamilu tela. Tana dab da arba'in, ta fid da rai da sake haihuwa, sai ga ciki. Ta je awo asibiti aka ɗebi jininta kamar kowa. Da ta koma sai aka ce likita na son ganinta. Likitar mace ce, Nana Hadiza, 'yar siririya mai tabarau, irin waɗanda in suna magana suke duban mutum a ido.

Ta ce, "Hajiya, an ga ƙwayar cutar hanta a jininki. Kada hankalinki ya tashi, mutane da yawa na yawo da ita ba su sani ba. A gidanku akwai wanda ya taɓa ciwon hanta?"

Juwairiyya ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ta ce, "Likita, ki tambaye ni wa ya saura." Ta zayyana mata Siddiq da Yazid da kawunnanta na Wurma.

Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Duk maza."

"Duk maza. Shi ya sa ake cewa uwata ce ke cinye su."

"Uwarki ba ta ci kowa ba. Mai yiwuwa ita ma da cutar aka haife ta, ku ma kuka samu wajen haihuwa, ku shidan, maza da mata. Ko kuma ta aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa aiki da ita. Ba ta bin abinci, ba ta bin kofi."

"To in duk muna da ita, don mi ni nake zaune gabanki, Yazid na ƙasa?"

Likita ta ce, "Kina rufe wuta da toka in kin gama girki?"

"Wace mace ce ba ta yi?"

"To cutar nan kamar garwashi ce a hanta. Tana iya shekara da shekaru tana ci a hankali, a wasu ta ƙare da ciwon daji. Jikin namiji yana da wani sinadari nasa, shi ke fito masa da gemu, ya buɗe masa murya. Masu bincike sun gano wannan sinadari kamar mafici yake wa garwashin, yana taimaka wa cutar ta yawaita. Jikin mace kuma yana da nasa sinadarin, wanda ke tafiyar da al'adarta, shi kamar toka yake, yana danne wutar. Shi ya sa dajin hanta ya fi kama maza nesa ba kusa ba. Ban ce mace ta tsira ba fa. In al'ada ta ɗauke, tokar nan raguwa take yi. Ke ma sai mun riƙa duba ki, mahaifiyarki kuwa ta fi ki bukata."

Juwairiyya ta matso da kujerarta. Can ta ce, "Mafici kika ce?"

"Mafici."

"To wanda ake ƙara mashi mazantakar da allura fa? Ƙanena ne. Shi kaɗai ya rage."

Nan fuskar likita ta canza. Ta ce, "Ba zan rantse miki yana da cutar ba sai na ga jininsa. Amma in yana da ita, ana zuba wa garwashi kananzir ne. Ko mai lafiyayyar hanta allurar nan na iya yi masa illa. Ki kawo min shi. Akwai maganin da ke danne cutar, akwai hoton ciki da ke nuna ƙari tun yana ƙarami. Abinki na ciki kuma, ranar da ya faɗo a ranar za a yi masa rigakafi, in Allah ya yarda ba zai gada ba."

Da ta koma gida ta sami Malam Kamilu a kan keken ɗinki, allurai a baki. Ta faɗa masa komai, har da cewa shi ma da yara ana so a duba su. Ya tsayar da keke, ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Zuwa asibiti za mu je, wannan ba gardama. Amma Juwairiyya, maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Muna da 'yan mata sun taso. In aka ji uwarsu na da cuta a jini, wa zai yi sallama a ƙofar nan?"

Ta ce, "Wanda Allah ya rubuta. Malam, shiru ne ya binne mani 'yan'uwa biyu. Gobe Kurfi za ni."

Ya dube ta, ya dubi cikin. Ya san matar da ya aura. Ya ce, "Ban hana ki ba, ban kuma aike ki ba. Ki dai shiga gaban mota, hanyar akwai ramuka."

Ta sami Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani sannu a hankali, garwashi da toka da mafici. Inna ta ajiye rariya. Hawaye ya zubo mata ba sauti. Ta ce, "Ashe dai ni ce. Ashe gaskiya suka faɗa."

Juwairiyya ta ce, "Ƙarya suka faɗa! Ke kika zaɓa? Ke wa ya ba ki? In za a kama mai laifi sai a tono kakanninmu a jera su. Inna, share idonki, ba kuka ya kawo ni ba, Badaru na zo ɗauka."

Baffa Ikrima yana zaure a kan buzu. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi Malam Kamilu da yara, sannan ta shigar da maganar. Ya saurara har ƙarshe, don shi mutum ne mai sauraro, sai dai ba ya juyawa.

Ya ce, "To na ji. Yanzu ke da likitarki kuna nufin mazantaka ce cuta?"

"Ban ce ba, Baffa. Cewa na yi ga mai wannan ƙwaya, ƙarin da ake yi mashi da allura wuta ce."

"Ɗiyata, ina da ido. Yaron nan da kamar kara yake, yanzu dube shi. Siddiq ramewa ya yi ya mutu. Yazid ramewa ya yi ya mutu. Wanga yana cika, ki ce in tsaya? Mace ta duba jinin mace, ta yanke wa namiji hukunci daga Dutsin-Ma, ko ganinshi ba ta yi ba!"

"Shi ya sa ta ce a kawo shi ta gani."

"A kai mai lahiya asibiti a nemo mashi ciwo? Ba da bakina ba. Tashi ki shiga ciki, ki huta, ke ba ke kaɗai ba ce."

Da yamma Badaru ya shigo. Ya yi murnar ganinta, har ya aika aka sayo mata tsire. Amma tana fara maganar sai wuyan nan ya kumbura.

Ya ce, "Yaya, so kike a ce na ji tsoro? Duk garin nan jira ake a ga ranar da zan kwanta. In aka gan ni a layin asibiti, an gama da ni. Ko buhu ba mai ba ni in ɗauka."

"In ka kwanta fa, wa zai ɗauki buhun?"

"Ni lahiyata lau! Taɓa nan ki ji." Ya miƙo mata dantse.

Ta ture hannun. Ta ce, "Ba a dantse hanta take ba, sakarai."

Ya tashi ya bar mata tsiren. Murja ce ta raɗa mata cewa gobe, ranar kasuwa, in ya gama lodin safe, zai je wajen Rabi'u a yi masa ta wannan makon.

To jama'a, ku ji abin da matar nan ta yi. Da gari ya waye ta buɗe adakar Inna ta tono wani tsohon zane da majanyi, irin saƙin da, duk sun koɗe. Inna ta ce, "Mi za ki yi da wannan?" Ta ce, "Goyo." Ta sa hijabinta, ta tura cikinta gaba, ta nufi kasuwa.

Shagon Rabi'u yana da rumfa da benci, ga mai shayi a gefe, don haka wurin majalisa ne. Rana ta ɗaga, 'yan lodi sun taru suna shan iska, Badaru na tsakiyarsu yana jiran Rabi'u ya sallami wata mai sayen maganin tari. Juwairiyya ta yi sallama. Aka amsa, wani ya ce, "A'a, Yaya Juwai, yau a garin?" Ta wuce shi. Ta zo gaban Badaru daidai inda inuwar rumfa ta ƙare, ta juya masa baya, ta durƙusa cikin rana, ta yafa zanen a bayanta, ta riƙe majanyi a hannu.

Ta ce, "Hau."

Badaru ya ce, "Yaya, mi ke nan?"

"Hau, na ce. Bayan nan shi ya kai ka rijiya, shi ya kai ka makaranta, shi zai kai ka Dutsin-Ma."

Wuri ya kece da dariya. Wani ya ce, "Badaru, hau mana, ka samu mota kyauta!" Wani ya ce, "Mai shayi, dama mashi koko, kada ya yi kuka a hanya!" Wani tsamurarre ya ce, "In majanyin bai kai ba ga igiyar lodi!" Masu wucewa suka fara tsayawa. Badaru ya yi murmushin yaƙe, ya ce a hankali, "Don Allah Yaya ki tashi, kina ba ni kunya."

"Kunya ba ta kisa. Na gwada ta yau, ga ni da raina."

Rabi'u ya leƙo da allura a hannu. Ya ce, "Hajiya, nan fa wurin sana'a ne."

Ta ce, ba tare da ta waigo ba, "Rabi'u, ba da kai na zo ba. Amma tunda ka sa baki, ka taɓa duba jinin yaron nan kafin ka fara tsira mashi abin nan?"

"Ni abin da aka nema nake bayarwa."

"To yau ba a nema ba. Mai da ita kwalinta."

Sai ta ɗaga murya yadda har masu tumatir na tsallake za su ji. Ta ce, "Ku saurara, ku da kuka ce uwata na cin 'ya'yanta! Abin da ya kashe Siddiq da Yazid ba maita ba ne, cutar hanta ce, kuma tana jikina yanzu haka da nake durƙushe gabanku. Likita ta gani a jinina. Ni mace ce, jikina ya danne ta, su maza ne, nasu jikin ya hura ta. Shi ke nan sirrin gidanmu, na fasa shi a kasuwa, kowa ya ɗiba!"

Dariya ta tsaya kamar an yi ruwa an ɗauke. Wani da ke kusa da Badaru ya janye kofin shayinsa a hankali. Ta gan shi ta gefen ido.

Ta ce, "Ajiye kofinka, Malam, ba ta kofi take bi ba. Ta haihuwa take bi, da aska. Kuma wanzamin da ya yi wa Siddiq kaciya shi ya yi wa rabin bencin nan, da aska ɗaya, rana ɗaya, ina tsaye ina riƙe da kwanon kunu. In ni ce ku, da ban yi dariya ba."

Tsamurarren nan mai igiya ya shafa cikinsa bai san ya yi ba.

Rana fa ta yi zafi. Gumi ya jiƙa hijabin, gwiwoyinta na bisa tsakuwa, ga ciki ya yi nauyi. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Kai Badaru, ba ka da ido? Mai ciki ce fa a ƙasa!" Ya ce, "To ni na sa ta?" Ya kama hannunta zai ɗaga, ta fizge. Ta ce, "In ba hawa za ka yi ba kada ka taɓa ni."

An riga an ruga an gaya wa Baffa Ikrima. Sai ga shi da sandarsa, mutane na darewa. Ya tsaya a kanta, ya ce, "Juwairiyya, tashi."

Ta ce, "Baffa, ka yafe mani. Tun da nake ban taɓa ƙetare maganarka ba. Yau ba ni tashi."

"Kin tona mana asiri a kasuwa, bai ishe ki ba?"

"Asirin da ake binnewa da mutum a ciki, gara a tona shi."

"So kike a ce ɗan ɗan'uwana matsoraci ne, mace ta ja shi asibiti?"

"So nake a ce yana nan." Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba. "Baffa, kai ka shiga rami ka karɓi Siddiq. Kai ka karɓi Yazid. Na san don kada ka shiga na uku ka kawo shi nan, ba don ƙiyayya ba. To hanyar da ka biyo can take zuwa. In ƙarya nake, a duba jininshi a kunyata ni gaban kowa. Mi za ka rasa?"

Baffa bai ce ta yi gaskiya ba, ku sani, har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa ba. Sai dai ya juya ya dubi Rabi'u, ya dubi allurar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubanta. Rabi'u ya koma cikin shago ya saki labule.

Badaru ya tsuguna a gabanta, wannan ƙaton, ido ya yi ja. Ya ce, "Tashi, Yaya. Da ƙafata zan je."

"Yau."

"Akwai lodin yamma."

"Yau, Badaru."

"To yau! Amma ba don na yarda ba. Don a duba a ga ba komi, in dawo nan in ba da labarinki."

"Allah ya sa. In ka kunyata ni, ni zan yi maka waina da hannuna, ka raba wa bencin nan. Kira mota tukun, sai na ga ka shiga zan tashi."

Haka kuwa aka yi. Sai da mota ta tsaya ya buɗe ƙofa ya zauna, sannan ta yarda mai daddawa da wata mata suka ɗaga ta, don ƙafafun sun riga sun sage. Suka biya gida ta ce Inna ma ta fito. Inna ta ce ita ta tsufa, me za a duba? Juwairiyya ta ce tsufan ne ma ya sa za a duba. Murja ta saɓo 'yarta ta bi su. Mota na shirin tashi sai ga tsamurarren nan ya taho da gudu, wai shi ma yana da saƙo a Dutsin-Ma, a matsa masa.

Badaru bai ci waina ba. An sami cutar a jininsa, da yawa ma, kuma hantar ta fara tauri, amma hoto bai nuna ƙari ba. Aka ɗora shi a kan magani kullum, aka ce ya riƙa zuwa ana dubawa, allurar ƙarfi kuwa ko a mafarki. Jikin nan ya saɓe, riga ta koma tana yi masa yawa, aka yi ta yi masa tsiya a majalisa, yana ramawa. Ya bar lodi ya koma sayar da hatsi, yana nan da ransa, har ya fara furfura, abin da yayyensa maza ba su gani ba. Murja da 'yarta ba su da ita, aka yi musu rigakafi, haka ma Malam Kamilu. A 'ya'yan Juwairiyya an sami biyu da ita, ana duba su, kuma duk sun yi aure, ɗaya dai sai da manemin farko ya gudu. Ƙannenta mata biyu su ma an samu, suna zuwa asibiti. Inna Ramlatu ce aka tura Katsina, aka ga ƙari ya riga ya girma. Ta ƙara damina ɗaya ta rasu a ɗakinta, Badaru ne ya shiga rami ya karɓe ta. Baffa Ikrima ya bi ta bayan shekara biyu, da ciwon tsufa. Rabi'u yana nan da shagonsa, ya daina ajiye allurar. Juwairiyya ta haifi namiji, aka yi masa rigakafi a ranar, aka sa masa Siddiq, da aka duba jininsa daga baya ba a ga komai ba. Ita kuma tana Dutsin-Ma, al'ada ta ɗauke mata, ba ta fashin zuwa a duba ta.